Zaɓen ƙwan ƙyanƙyasa: irin kaza, girman ƙwai, da yadda za ka rage baragurbi

Duk wanda ya zuba ƙwai talatin a injin ƙyanƙyasa ya kwashi 'yan tsaki goma sha ɗaya, injin zai fara zargi. Idan kaza ce ta yi kwancin, sai a ce ta cika yawo, ko kuma baki ne ya kama ta. Sau da yawa kuwa an tafka asarar tun kafin ƙwan ya ji ɗumi: ko zakara bai yi aikinsa ba, ko an tsinci ƙwan da bai dace ba, ko ƙwan ya yi mako guda a ɗakin kwano a Garwa, a arewacin Kamaru, cikin watan Afrilu.

Tambaya biyu ce a nan, kuma masu kiwo sun saba cakuɗa su. Ta farko: ƙwan nan yana da zakara? Ta biyu: idan yana da shi, ɗan da ke ciki zai kai kwana 21 har ya fasa ɓawo? A ce ka zuba ƙwai 60, ka haska cikinsu da fitila a kwana na bakwai ka tarar 48 sun kama. Kashi 80 cikin ɗari ke nan, kuma wannan lissafin zakara ne da kajinsa. A ce cikin 48 ɗin nan 36 suka fito. Kashi 75 ke nan, kuma wannan lissafin ƙwan ne, da yadda aka ajiye shi, da yadda aka ɗumama shi. Wanda bai raba biyun nan ba zai yi ta canza inji alhali zakaran ne ya tsufa, ko ya yanka zakara mai ƙarfi alhali ƙwan ne ya dahu a ajiya.

Fara da sanin kazar da ke hannunka

Kazar gida, irin wadda ke yawo a tsakar gida daga Marwa har Njamena, ƙwanta ƙarami ne, galibi tsakanin giram 35 zuwa 45. Takan yi goma zuwa goma sha biyar a zubi ɗaya sannan ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara. Ba ta da yawan ƙwai, amma a fannin haihuwa da wuya a fi ta: zakaranta mara nauyi ne, mai kuzari, ba ya gajiya da bin kaji, kuma ita ta iya kwanci, ta iya raino. Kazar Fulani ta ɗara sauran girman jiki, ƙwanta ma ya ɗan fi girma, kuma ita nake fara nuna wa mai son kyautata garkensa ba tare da ya fita daga jinin gida ba.

A cikin kajin gidan akwai biyu da ke buƙatar lura. Fingi, mai tsirarar wuya, ta fi sauran jure zafi saboda ƙarancin gashinta, abin da ke da amfani ƙwarai a nan arewa. Sai dai an lura cewa 'ya'yan da suka gaji tsiraicin nan ta uwa da uba duka sun fi yawan mutuwa a ɓawo a kwanakin ƙarshe. Mafi sauƙi shi ne ka haɗa zakara fingi da kaji masu cikakken gashi. Ta biyu ita ce durgu. Akwai wata irin gajartar ƙafa da ake gada wadda idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan mutu a ƙwai tun kwanakin farko. Idan kana son durgu, ka bar gefe ɗaya ya zama mai doguwar ƙafa.

Sai manyan kaji da suka cika gari a 'yan shekarun nan: Goliyat da ta samo asali daga ƙasar Benin, da Brahma mai wando, wato mai gashi har ƙafa. Kyan gani kam suna da shi, nama ma haka, amma nan ne kukan rashin kamawar ƙwai ya fi yawa. Zakaran yana da nauyi, ba ya iya yawan hawa kamar na gida, kuma zafin bazara ya fi kwantar da shi. Ita Brahma ga tarin gashi a gindinta, na kazar da na zakaran, har yakan hana haɗuwar ta yiwu ko da ka ga ya hau ya sauka. Maganin wannan almakashi ne: ka rage gashin da ke kewaye da duburar kowannensu, a hankali, kada ka tsige.

Akwai kuma 'yan haɗi masu ba da nama da ƙwai, irin su Sasso ta Faransa, Kuroiler ta Indiya, da Noiler da ke shigowa daga Najeriya. Ƙwansu na ƙyanƙyasuwa, amma 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya kamar iyayen. Wani ya yi girma, wani ya tsumbure, launi kowa da nasa. Haka abin yake ga kajin ƙwai na gona irin su ISA Brown da Lohmann. Kamfanonin da suka samar da su suna riƙe da kakannin a hannunsu, abin da ke iso mana jikoki ne da aka tsara don su yi ƙwai, ba don a ci gaba da iri da su ba. Kwanci ma an kusa cire musu shi gaba ɗaya. Kajin nama irin su Cobb 500 da Ross 308 kuwa kada ma ka wahalar da kanka: idan aka bar su suka ci yadda suke so, ƙiba ba za ta bar zakaran ya hau ba. Gonakin da ke kiwon iyayensu awon abinci suke musu kullum.

Ƙwan kiret da manyan motoci ke kawowa daga yankin Bafusam, a yammacin Kamaru, zuwa kasuwannin arewa har Cadi ƙwan ci ne. Kajin da suka yi shi ba su zauna da zakara ba, don haka ko ya shekara a inji ba abin da zai fito. Idan za ka saya a hannun wani, ka tambaya kai tsaye: "Malam, na ci ne ko na iri? Zakara nawa ke cikin kajin, kuma yaushe aka tsince shi?" Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. In da hali ka je ka ga garken da idonka.

Wani abu da ke ruɗa mutane: zakara ba ya ƙara wa ƙwai girma. Ka sa wa kazar gida ƙaton Goliyat, ƙwanta na nan yadda yake, domin jikin uwa ne ke ƙera shi. Ɗan tsakon zai fito daidai da ɓawon da ya ɗauke shi, sai daga baya jinin uban ya nuna a girmansa. Kuma idan tazarar jikin ta yi yawa, kazar takan guje masa, ko ya ji mata ciwo a baya. Matsakaicin zakara ɗan haɗi ya fi dacewa da ƙananan kaji fiye da wanda ya ninka su uku.

Zakara: yawansa, shekarunsa, lafiyarsa

Ga kajin gida, zakara ɗaya ya ishi kaji goma zuwa goma sha biyu. Ga masu nauyi, ka rage zuwa shida ko takwas. Yawan zakaru ma matsala ne, domin faɗa zai cinye lokacinsu, kuma babban zai riƙa ture ƙanana duk sanda suka hau.

Zakara yana balaga wajen wata shida, yana kan ganiyarsa a shekarar farko da ta biyu, daga nan sai ƙarfin ya fara ja da baya. Ka kama shi ka duba: tukkun jajir yake ko ya koɗe? Tafin ƙafarsa akwai kumburi? Zakaran da ƙafa ke wa ciwo ba ya hawa. Ƙirjinsa ya rame har ƙashi ya fito, ko kuwa kitse ya danne shi? Idan ya haura shekara uku kuma ƙwai ya fara zuwa babu zakara, sabo da kaza ba ya hana yankanta. Ko bai tsufa ba, kada ka bar shi yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru. Auren jini ɗaya a kaji yana rage ƙyanƙyasa yana kawo 'yan tsaki raunana. Ka yi musanya da wani mai kiwo na nesa, ba maƙwabcin da kajinku ke cuɗanya kullum ba, kuma ka killace baƙon mako biyu kafin ya shiga cikin naka.

Kaza tana iya ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku. Wannan yana da amfani biyu. Idan zakaranka ya mutu yau, ƙwan kwana bakwai masu zuwa yana da kyau, ka tsince shi. Idan kuma ka kawo sabon zakara kana son 'ya'yansa zalla, sai ka jira mako uku bayan ka fitar da tsohon. Inda babu zakara da can, ƙwai kan fara kamawa kwana biyu bayan hawa, amma ka ba shi kwana bakwai zuwa goma ya zagaya kajin duka.

Kana iya gwadawa ba tare da inji ba. Cikin ƙwan da za a soya da safe, fasa biyar a faranti ɗaya bayan ɗaya, ka juya gwaiduwar a hankali da cokali har ka ga wani ɗan farin ɗigo a samanta. Idan ɗigon ƙarami ne, a cure, gefensa ba tsari, babu zakara. Idan ya ɗan fi faɗi, da'ira ce sosai, fari a gefe da ɗan haske a tsakiya kamar zobe, ya kama. Huɗu cikin biyar alama ce mai kyau. Biyu cikin biyar, ka koma kan zakara kafin ka ɓata wuta.

Abin da iyayen ke ci

Ɗan tsako ba shi da abinci na kwana 21 sai abin da uwa ta zuba a ƙwai. Dusa da tsabar masakwa, dawar rani, kaɗai za su sa kaza ta yi ƙwai, amma ba lalle ɗan ya kai ƙarshe ba. Mako uku kafin ka fara tara ƙwan iri, ka ƙara musu abin gina jiki: waken suya da aka gasa, garin busasshen kifi, ƙwarin gara in ana samu, ga ganyen zogale, ga garin ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka ƙona aka daka don ƙarfin ɓawo. Garin bitamin na kajin ƙwai da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi yana cike abin da ya rage.

Abu biyu na yankinmu ka kiyaye. Tunkuzar angurya tana da araha a ƙasar auduga irin tamu, kuma shanu na ƙiba da ita, amma tana da wani sinadari, gosifol, da ke rage ƙyanƙyasa yana ɓata launin gwaiduwa. Kajin iri ba abincinsu ba ne. Na biyu, masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna: gubar da ke cikinsa tana ratsawa har ƙwai. Abin da ka shinshina ka ji warin rima, zubar da shi ya fi.

Rigakafin cutar Niyukasil, annobar nan da ke share akurki da shigowar hunturu, a yi shi kan lokaci. Cibiyar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa tana haɗa magungunan rigakafin dabbobi har da na kaji, sai ka nemi ma'aikacin dabbobi na yankinku. Kazar da ta tashi daga cutar takan yi makonni tana zuba ƙwai mai laushin ɓawo ko karkatacce, kuma irin wannan ba na iri ba ne.

Auna ƙwai, kada ka bi ido

Nan ne aka fi yin kuskure, domin ido babban ƙwai yake so. Gaskiya ne babban ƙwai na ba da babban ɗan tsako. Nauyin ɗan tsako ranar fitowarsa kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyin ƙwan, wato ƙwai mai giram 60 ya ba da ɗan tsako mai wajen 40, mai giram 42 ya ba da mai wajen 28. Amma sai ya fito tukuna. A kowane irin kaza, matsakaicin ƙwai ne ya fi ƙyanƙyasuwa, manya-manyan da 'yan mitsi-mitsin su ne suka fi zama baragurbi.

Dalilin na nan a fili. Babban ƙwai kamar babbar tukunya ne, ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin hucewa. A makon ƙarshe ɗan da ke ciki yana fitar da zafin jikinsa, kuma a babban ƙwai zafin nan ba ya samun hanyar fita da wuri, sai ɗan ya galabaita ana saura kwana biyu ko uku. Ga shi kuma galibi tsofaffin kaji ne ke yin irin wannan ƙwan, ɓawonsa ya fi siriri, ya fi saurin tsagewa da shigar ƙwayoyin cuta. Wanda ya yi girman da ya wuce hankali kuwa sau da yawa gwaiduwa biyu ne a ciki, kuma da wuya ƙwarai tagwaye su fita da rai daga ɓawo ɗaya.

Ƙaramin kuma, musamman na sagarar da ta fara ƙwai, gwaiduwarsa kaɗan ce, ɓawonsa mai kauri ne, farinsa ya cika kauri. Ko ya fito, ɗan ƙanƙani ne mara juriya. Ka bar sagara ta yi mako uku zuwa huɗu tana zubawa, a ci na farkon, sannan ka fara tara na iri.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, matsakaici a ma'aunin irin kazar ake nufi. Ƙwai mai giram 42 daidai yake a wurin kazar gida, amma a wurin Brahma tsumburarre ne. Mai giram 58 daidai yake a wurin Brahma, amma in kazar gida ce ta yi shi, ka haska shi, mai yiwuwa gwaiduwa biyu ne. Don haka ga yadda za ka yi. Ka nemi ɗan sikelin kicin mai batir da ke auna giram. Ka auna ƙwai ashirin ko talatin na iri ɗaya, ka tara, ka raba, ka sami tsakiya. Sai ka karɓi duk wanda bai yi nisa da tsakiyar nan da fiye da kashi goma cikin ɗari ba, sama ko ƙasa. In tsakiyar 42 ce, ka ɗauki daga 38 zuwa 46. In 58 ce, daga 52 zuwa 64. Ka rubuta nauyin da ranar tsinta a jikin ɓawon da fensir. 

Bayan nauyi sai siffa. Ka ware mai zagaye kamar ƙwallo, da dogo siriri, da mai kai biyu iri ɗaya wanda ba ka gane ina ne gindi ina ne tsini. A irin waɗannan ɗan yakan kasa juyawa ya kai bakinsa ga jakar iskar da ke gefen mai faɗi. Ka ware mai ƙurji-ƙurji, mai tsaga ko da siririya ce, da wanda in ka haska za ka ga ɓawon ya yi ɗige-ɗigen haske ko'ina. Mai kashi sosai a jiki ma ka bar shi. Kada ka wanke ƙwan iri da ruwa: akwai wani siririn rufi a kan ɓawo da ke toshe ƙofofinsa daga ƙwayoyin cuta, ruwa na wanke shi. Ɗan datti kaɗan a kankare shi da busasshen ƙyalle.

Ajiya, inda zafinmu ke yin ɓarna

Littattafan kiwo suna cewa a ajiye ƙwan iri a digiri 15 zuwa 18, kada ya wuce kwana bakwai. Mutumin Ngaundare, da ke kan tudu, zai iya kusantar haka a ɗaki mai inuwa. Mutumin Kusiri ko Garwa a watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai iya ba. Da zarar zafi ya wuce digiri ashirin da 'yan kai, ɗan da ke cikin ƙwai yakan fara motsawa, ba girma sosai ba, ba barci ba, har ya ƙare ƙarfinsa. Irin wannan ƙwan ne ake haskawa a ga babu komai a ɗora wa zakara laifi.

A bazara ka tsinci ƙwai sau uku a yini, kada ya wuni a gurbi. Ka rage kwanakin ajiya zuwa uku ko huɗu; gara ka zuba kaɗan sabo da ka tara da yawa tsoho. Firji ya yi sanyi da yawa, ba wurinsa ba ne. Abin da ke aiki shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Muhammad Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye inda iska ke kaɗawa. A busasshiyar iskar rani tana rage zafi sosai. Ka dai tabbata ruwa bai taɓa ƙwan ba. A jera shi tsini ƙasa, gindi sama.

Ƙwan da ya yi tafiya kuwa, a ce ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, ya gangaro a mota zuwa Garwa, ya sha girgiza, kuma jakar iskar wasu ta kwance. Ka bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 a tsaye kafin ya shiga inji, kuma kada ka sa ran zai fito kamar na gidanka.

A ganina, mai ƙaramin kiwo ya tsara manyan zubinsa daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, ya sassauta a tsakiyar bazara. A zafin nan zakara ba ya hawa sosai, maniyyinsa na raguwa, kaza na haki har ɓawon ƙwanta ya yi siriri, ƙwan kansa ya ƙanƙance.

Kwanci ko inji

Inda wuta ba ta da tabbas, kazar gida ta fi ƙaramin inji. Takan rufe nata ƙwan goma zuwa goma sha biyu. In na manyan kaji za ka sa mata, bakwai ko takwas sun isa. Gwajin mai sauƙi ne: in ta kwanta kana hango ƙwai a gefenta, sun yi yawa, kuma da yake tana jujjuya su, kowanne sai ya ɗanɗana sanyin gefen, asarar ta shafi duka. Ka sa mata su da dare, a rana ɗaya, ka yi musu alama don ka gane wanda wata kazar ta ƙara. Gurbin ya kasance a ƙasa, wuri mai inuwa, a barbaɗa toka da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda su ne ke tayar da kaza daga kwanci. Ruwa da hatsi kusa da ita.

In inji ne mai fanka, digiri 37.5 zuwa 37.8. Danshi kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Juyawa aƙalla sau uku ko biyar a yini in da hannu ne, a daina a kwana na 18. Ka kunna shi yini guda kafin zubi, ka gwada shi da wani ma'aunin zafi daban, don allon ƙananan injunan nan ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ka tuna injin ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. In ɗakin ya kai digiri 40 da azahar, cikinsa ma ya kai, kuma 'yan awanni a irin wannan zafin sun isa su kashe zubi guda. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano. Ɗaukewar wuta ta awa biyu ko uku ba ta kai wannan haɗari ba. Ka bar murfin a rufe ka lulluɓa bargo, ka bar ƙofar iska.

Kada ka cakuɗa ƙwan gida da na manyan kaji a zubi ɗaya in kana da zaɓi. Ƙananan sukan riga fitowa da wasu awanni, kuma buƙatarsu ta danshi ba ɗaya ba ce. In dole ne, ka ware su tire daban-daban.

Haskawa da awo na biyu

A daren kwana na bakwai, ka shiga ɗaki mai duhu da tocilar waya. Ka naɗe yatsunka a bakin fitilar, ka ɗora gindin ƙwan a kai. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu daga wani baƙin ɗigo, in ka ɗan dakata har ɗigon ya motsa. Wanda ya yi haske tar, gwaiduwa kawai ke lilo a ciki, bai kama ba. Wanda ke da jan zobe siriri kewaye da cikinsa ya fara ya mutu. Ka fitar da biyun nan, ka rubuta yawan kowanne da nauyin da ke jikinsu. Ka sake haskawa a kwana na 14 da na 18.

Sikelin nan zai sake amfani. Daga zubi zuwa kwana na 18, ƙwai ya kamata ya rage kashi 11 zuwa 13 na nauyinsa, ruwan da ke fita ta ɓawo ke nan. Mai giram 50 ya dawo wajen 44, mai 42 ya dawo wajen 37. A kwana na tara ya kamata ya yi kusan rabin hanya. A hunturu, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, ƙwai kan bushe fiye da kima, sai ka ƙara faɗin farantin ruwa ko ka sa soso a ciki. A Agusta kuwa akasin haka ne, wani lokaci sai ka rage ruwan sosai. Wannan awon ya fi allon injin gaskiya, domin ƙwan da kansa ne ke ba ka labari.

Daga kwana na 18 ka daina buɗewa. Tsakanin tsaga ɓawo da fitowa ɗan tsako kan ɗauki awa 12 zuwa 24 yana hutawa yana shanye sauran gwaiduwa. Mai gaggawar ɓare masa ɓawo yakan tsinka jijiya.

Fasa waɗanda suka rage

A kwana na 23, ka kwashe abin da bai fito ba ka fita da shi bayan gida. Ka sa leda a hannu, ka ɗaure hanci, ka fasa kowanne ta gindi, kana duba nauyin da ka rubuta a jikinsa. Aikin ba daɗi, amma shi ne zai nuna maka abin da za ka gyara.

In mafi yawa babu alamar komai, kuma gwajin faranti ma ya nuna haka, matsalar zakara ce: yawansa, shekarunsa, nauyinsa, ko gashin gindi. In gwajin faranti ya yi kyau amma ga jan zobe da ɗigon jini da yawa, ka duba ajiya da tafiya. Mutuwa a tsakiya, wajen mako na biyu, ba ta cika yawa ba. In ta yi yawa, ka duba abincin iyaye da tsaftar ƙwai, musamman in wasu sun ruɓe suna wari. In ka tarar da cikakkun 'yan tsaki da gashinsu sun mutu ba su tsaga ba, ka dubi jakar iskar: in ƙarama ce kuma ɗan a jiƙe sharkaf, danshi ya yi yawa; in ta yi faɗi kuma fatar ciki ta manne masa, ya yi kaɗan. Wanda kansa ke wajen tsini, ko an jera shi a kife ko siffar ƙwan ce. Fitowa tun kwana na 19 da cibiya a buɗe alamar zafi ya yi yawa ce, jinkiri har kwana na 22 alamar ya yi kaɗan.

Sai ka jera lambobin nauyin a littafi, na waɗanda suka fito gefe guda, na baragurbi gefe guda, kowane irin kaza da shafinsa. In ka ga matattun ƙarshe sun taru a manyan lambobi, a zubi na gaba ka sauko da iyakar sama da giram biyu ko uku, ka kuma matsar da manyan da ka bari kusa da inda iskar fanka ta fi kaɗawa.